Binokula, ƙafa-uku ko sikof: wanne za ka fara saye don farautar dutse?

Ɗan uwa na ga tambayarka, ka ce kana shirin fara farauta a kan duwatsu, kuɗin hannunka ba za su ɗauki binokula (madubin hangen nesa mai ido biyu) da sikof (babban madubin hangen nesa mai ido ɗaya, ba na kan bindiga ba) da ƙafa-uku (abin da ake kafawa a ɗora su a kai) lokaci ɗaya ba, kuma wani ya ce maka ka tsallake komai ka sayi sikof tunda shi ya fi jawo abu kusa. Gaskiya ban yarda da shawarar nan ba, bari in jera maka su gefe da gefe ka gani da kanka.

Aikinsu ma ba ɗaya ba ne. Binokula ita ke nemo dabba, sikof shi ke gaya maka wace iri ce ka samo, namiji ne ko mace, ƙahon ya isa ko bai isa ba, ya cancanci ka sha hawan awa uku ko ka zauna abinka. Wanda bai samo komai ba me zai tantance? Kuma ido ɗaya ake kallo da sikof, ka yi minti goma kana runtse ɗayan sai kanka ya fara sarawa, ita kuwa binokula ido biyu ne, za ka iya wuni kana lalube gangare da ita.

Lambobin jiki kada su ruɗe ka. 10x42 na nufin tana jawo abu sau 10, faɗin gilashin gaba kuma milimita 42. Ka raba 42 da 10, milimita 4.2 ke nan, wannan shi ne faɗin ɗigon hasken da ke shiga idonka, in ka ɗaga ta nesa da fuska kana kallon sama za ka ga ɗigon a gilashin baya. 8x42 tana ba da 5.25, ta fi haske da asuba da almuru, ta fi faɗin fili, hannu ma bai cika rawa da ita ba, amma a dutse inda kake kallon ƙetaren kwazazzabo ni 10x42 nake zaɓa. 15x56 kuma wata duniya ce, tana kai kilo 1.2 ko kusa da haka alhali 10x42 ba ta cika kai kilo ɗaya ba, kuma kar ka ma yi tunanin riƙe ta a hannu bayan ka hau tudu kana haki, komai rawa zai dinga yi kamar ana girgiza dutsen.

Nan ne maganar ƙafa-uku ta shigo, kuma ita mutane suka fi rainawa. Ka ɗora ko da 10x42 ɗin nan a kanta ka zauna, wallahi kamar an canja maka ido. Dalili kuwa in hoton ya tsaya cak, duk abin da ya motsa a ciki dabba ce ko iska, kunnen ragon dutse da ya kaɗa a inuwa, ko wutsiyar da ta ɗan wulga bayan wani dutse, abin da in hannunka na rawa ba za ka taɓa lura da shi ba. Na taɓa bin wani gangare sau biyu da binokula a hannu na ce babu komai, na kafa ƙafa-uku na sake bi a hankali, ashe abin da na ɗauka busasshen reshe ne ƙaho ne, dabbar na kwance tana tuƙa.

Ƙafa-uku ta kabon ta fi ta alminiyom rashin nauyi, tana saurin shanye girgiza, kuma ba ta ƙona hannu da sanyi, ta alminiyom ta fi araha kuma in ta bugu lanƙwasa take yi maimakon tsagewa. Kan da ke samanta ma ka duba, mai ƙwallo yana da sauƙin ɗauka amma da ka sassauta shi sai ya sunkuya, mai hannu da ke juyawa sannu a hankali shi ya fi daɗin bin dutse layi-layi. Ka tabbata binokularka na da ramin ɗaura adafta a gaba, wato ɗan abin da ke haɗa ta da ƙafa-uku, kuma kada ka riƙa zaro sandar tsakiyar ƙafa-ukun sama, nan rawa ke shigowa in akwai iska.

Sikof kuma, mai gilashin gaba 65mm irin 15-45x, wato mai jawo abu daga sau 15 zuwa 45, da mai 80 ko 85mm irin 20-60x su aka fi gani. Babban ya fi haske amma yana kusan kilo 2, ga shi sai da ƙaƙƙarfar ƙafa-uku, duk a bayanka za su hau. Kuma sau 60 ɗin nan ba kullum ake cin moriyarsa ba, 80 raba 60 ɗigon haske 1.3 kacal, da rana ta yi zafi kawalwalniya ta taso sai hoton ya dinga malala kamar ruwa, dole ka sauko wajen 30. Mai lanƙwasasshen wuya ya fi daɗi in kana kallon sama daga ƙasa, miƙaƙƙe ya fi saurin kamo abin da ka riga ka gani da binokula.

Sunan kamfani, Swarovski da Zeiss da Leica su ne manya, Vortex da Leupold suna da masu sauƙi. Ko wanne ne ka nemi mai gilashin ED (shi ke rage launukan da ke ɓata gefen abin da kake kallo), wanda aka cika da naitirojin ko agon don kada hazo ya taru a ciki, in kana sa tabarau kuma tazarar ido, wato nisan da ke tsakanin idonka da gilashin baya, kada ta gaza milimita 15.

Don haka in ni ne kai, 10x42 mafi kyau da aljihuna zai iya, sai ƙafa-uku da adafta, sikof ya jira wani zagayen. In da abokin tafiya kuke hawa ma sikof ɗaya ya ishe ku, ɗaya ya ɗauki sikof ɗaya ya ɗauki ƙafa-uku.