Majigin Circle da daren da muka kalli orka

Sati uku ke nan da na sayi ƙaramin majigi a Tip Toe Lane, nan Circle cikin Accra, don yara su sakar mini wayata. Mai shagon ya rantse ko da rana tsaka zai nuna tas. Ina! Sai bayan isha'i, an kashe fitila, mun baza farin zanin gado a bangon falonmu na Nima, sannan hoto ya fito yadda ake so.

Da wani shirin namun teku na gwada shi, kan orka, dabbar nan mai baƙi da fari. Ba kifi ba ce ma, dangin dolfin ce, nono take shayar da 'ya'yanta. A ruwan ɗumi na Mashigin Kalifoniya, can Meksiko, aka nuna garkensu sun taso wa wani shak mai ɗige-ɗige, irin da ya fi kowane kifi girma a duniya. Suka yi ta bankarsa har suka kifar da shi ciki sama. To shak in aka juya shi haka jikinsa mutuwa yake yi, ko motsin kirki ba ya iyawa. Hantar suke so, saboda tana cike da mai. Nan majigin ya burge ni, don har tabon haƙori a jikin kifin muna gani.

Da kyamara ta nutsa ƙasa kuwa, sai komai ya koma baƙi ƙirin. An zo farautar kifin nan mai faɗi kamar faifai, mai ƙayar dafi a wutsiya, muna jin mai bayani yana faɗin yadda orka ke make shi da bindi, mu ko sai inuwa muke gani. Ga fankar cikin majigin tana ta ƙugi, lasifikar kuma kamar sauro. Dole na jona ta gida.

Hajiya, surukata, ta gyara tabarau ta ce, "Wai ba irin kifin nan mai faɗi ake shanyawa da gishiri a yi kako ba?" Na ce, "Shi ne, Hajiya." Ta ce ashe ba mu kaɗai muka san daɗinsa ba.

Ga katun na yara da ƙwallo, kuɗina bai faɗi ƙasa ba. Mai son shirin ƙarƙashin teku ya ƙara kuɗi ya sayi mai haske sosai, kuma ya sa a kunna masa a shago kafin ya biya.