Harsashin farautar barewa: me za ka duba kafin ka biya kuɗi?

Ɗan ƙanwata da ke aiki a jihar Tezas ta Amurka ya kira ni wata Asabar, ina zaune a majalisarmu ta Bauchi Road. Ya ce, "Kawu, abokan aikina sun gayyace ni farautar barewa a watan Nuwamba. Na yanki lasisi, amma na shiga shago na tarar da kwalayen harsashi jibge, kowanne da lambarsa. Wanne zan ɗauka?" Ya san gidanmu gidan maharba ne, ya kuma san na yi farauta a can kafin in dawo Jos. Amsar da na ba shi ce nake faɗaɗawa a nan, don 'yan'uwanmu mazauna waje.

Na ce mazauna waje da gangan. A Najeriya, dokar makamai ta 1959 ta sa bindigogin soja, har da masu cin harsashin 7.62, cikin waɗanda aka haramta wa farar hula, kuma mu mutanen Filato mun san abin da wannan harsashi ya yi wa garuruwanmu. Dabbobin gidan namun daji na Jos da na Pandam kuma ba na harbi ba ne. Maganata ta inda doka ta buɗe ƙofa ce, da lasisi da lokaci da adadin da aka yarje wa mutum.

A kan matsakaiciyar bindiga zan yi magana, wato wadda harsashinta ya fi na ƙaramar bindigar hannu ƙarfi, amma bai kai manyan harsasan farauta irin su .308 ko .30-06 ba (lambobin nan sunayen girman harsashi ne, da su kuma ake kiran bindigar da ke cin sa). Ba ta naushin kafaɗa sosai, shi ya sa sabon shiga ke sonta. Sai dai ƙarfinta ba shi da rara, don haka kuskuren zaɓen harsashi a jikin dabba yake fitowa: ta gudu da rauni, ta mutu a ƙungurmin daji bayan kwana biyu, ba ka ci ba, ba ka bar ta ba.

Yawancin masu saye nauyi suke fara tambaya. Ni ƙira nake fara dubawa. Kwalin da aka rubuta wa FMJ yana da arha, amma kan harsashinsa a lulluɓe yake da ƙarfe gaba ɗaya, sai ya ratsa nama kamar tsinke ya fita bai buɗe ba. Na gwajin saiti ne, kuma jihohi da dama sun hana harbin barewa da shi. Akwai kishiyarsa, wanda aka yi don ƙananan dabbobi irin su zomo da dila: fatarsa siririya ce, da ya taɓa jiki sai ya tarwatse. A kafaɗar barewa zai yi mummunan rauni a waje bai isa huhu ba. Abin da kake nema yana tsakani, wato mai buɗewa kamar laima a cikin nama amma ya riƙe jikinsa. Iri uku ne a kasuwa. Mai bakin dalma a fili, irin Remington Core-Lokt, tsohon hannu ne kuma bai da tsada. Wanda aka manne dalmarsa da fatarsa, irin Federal Fusion, ba ya rabuwa ko ya daki ƙashi. Sai na jan ƙarfe zalla, irin Barnes TSX, wanda ya fi kowa ratsawa kuma ba ya barin ɓurɓushin dalma a naman da yara za su ci. Kalifoniya ta wajabta harsashi marar dalma a duk farauta tun Yulin 2019. Aibinsa tsada, kuma sai da gudu yake buɗewa, idan nisa ya cinye saurinsa sai ya zama tsinke shi ma.

Nauyi da giren ake auna shi, giren 100 kusan giram shida da rabi ke nan. A nan .223 ce mai yawan rigima. Kwalayen da suka cika shago na giren 55 ne, kuma mafi yawansu ba na barewa ba ne. In ita kake da ita, nemi giren 60 zuwa 70 na manne ko na jan ƙarfe, misali Fusion mai 62 ko Nosler Partition mai 60. Amma kafin nan duba murɗin cikin hancin bindigarka, galibi yana rubuce a jikinsa. Lamba 1:12 na nufin harsashi na juyawa sau ɗaya a kowane inci 12, kuma wannan bai isa ya tsayar da dogon harsashi ba, sai ka ga ya huda takarda a karkace. 1:9 na ɗaukar har wajen giren 69, 1:8 da 1:7 na ɗaukar 75 da 77. Ka tuna jan ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, don haka a giren ɗaya ya fi tsawo, ya fi buƙatar murɗi mai sauri. Ra'ayina shi ne .223 ta ƙwararre ce mai iya haƙura ya bar dabba ta wuce in ba ta ba shi haƙarƙari ba. Ba banza ba dokar Ingila ta sa inci .240 a matsayin mafi ƙanƙantar faɗin harsashi ga manyan barewarsu.

7.62x39 mai giren 123 da bakin dalma tana aiki sosai cikin mita 150, bayan haka harsashin ya fara sunkuyawa. .300 Blackout kuwa tarko ce ga sabon shiga: giren 110 zuwa 125 na da kyau a kusa, amma mai giren 220 da aka yi don rage ƙara a hankali yake tafiya, yawancinsa ba ya buɗewa. Nan ne za ka gane nauyi kaɗai ba ya kashe dabba. Wanda ke jihar Ohayo ba shi da dogon lissafi, dokarsu ta barewa harsashi mai miƙaƙƙen kwanso ta yarda da shi, shi ya sa .350 Legend da kamfanin Winchester ya fitar a 2019 ta karɓu a can, da giren 150 zuwa 180.

Da ni ne mai saye daga farko, 6.5 Grendel zan ɗauka, da giren 120 ko 123. Harsashinta siriri ne dogo, yana riƙe gudu har wajen mita 250, iska ba ta kaɗa shi kamar na .223, naushinta kuma ko yaro ya jure. Matsalarta ba kowane ƙaramin shago ke ajiye ta ba, kuma ta fi tsada.

Kakanmu da adaka yake farautar gada da mazo, albarushi da hannu yake ɗurawa, harbi ɗaya gare shi. Yakan yi rarrafe har sai ya ji motsin bakin dabba tana kiwo, ya yi bisimilla, sannan ya taɓa kunama. In ya tarar da sauran rai, nan take ya yanka. Addini ya umarce mu da kyautata kisa, kuma wannan nauyi bai sauka daga kan mutum don ya haye teku ba.

Ɗan nawa .223 aka ara masa, mai murɗin 1:8. Na ce masa, "Ɗana, sayi kwali biyu iri ɗaya na giren 62 na manne. Ɗaya ka ƙarar da shi a filin gwaji a mita 100, don kowace bindiga da abin da take so, kuma in ka canja harsashi saiti ya canja. In harbi biyar ba su taru cikin faɗin tafin hannunka ba, kada ka shiga daji. In sun taru, kada ka wuce mita 120, kuma ka jira ta ba ka gefe, ka sa bayan kafaɗa." Ya ce, "To Kawu, in ta tsaya tana fuskantata fa?" Na ce ya sauke bindiga ya jira ta juya.