Takalmin gudun daji da tsauni: wanne ya dace da doguwar tafiya?

Kowane sabon takalmi yana da daɗi a minti biyar na gwaji. Ainihin halinsa sai an wuce kilomita 50 yake fitowa, lokacin da ƙafa ta kumbura, safa ta jiƙe, ga kuma doguwar gangara mai tsakuwa tana jira a gaba. Wannan lokacin ya kamata ka sa a ranka idan za ka saya, kuma tambayoyi biyu ne kan gaba: wace irin ƙafa gare ka, wace irin ƙasa za ka taka?

Fara da ƙafar. Bayan awanni ana gudu takan kumbura, a gangara kuma takan zame gaba har yatsu su riƙa dukan bakin takalmi. Daga nan baƙin farce yake samo asali, wani ma farcen ya cire gaba ɗaya bayan 'yan makonni. Saboda haka bar sarari kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsanka mafi tsawo da bakin takalmin, amma dunduniya da tsakiyar ƙafa su kamu gam. Idan dunduniya tana ɗagawa, bororo na nan tafe. Yi gwajin da yamma, da safar da za ka yi gudu da ita, in da hali ka taka matakala ko wani wuri mai gangare ka ji ko yatsu suna taɓo gaba. A nan kamfanoni sun sha bamban sosai. Altra ya yi suna da faɗin wajen yatsu, musamman samfurin Lone Peak. La Sportiva Bushido da Salomon Speedcross kuwa matsattsu ne, suna kama ƙafa kamar safa. Matsattsen takalmi yana da amfani a kan duwatsu, domin inda ka nufa nan ƙafa take sauka, sai dai mai faffaɗar ƙafa zai ji jiki kafin rabin hanya.

Sai ka juya takalmin ka dubi haƙoran da ke tafinsa. Gajeru, na milimita 3 zuwa 4, sun fi dacewa da busasshiyar hanya mai tauri. Na milimita 5 su ne tsaka-tsaki, kuma yawancin takalman dogon zango a nan suke. Idan ƙasar taɓo ce da jiƙaƙƙiyar ciyawa, sai dogaye masu tazara a tsakaninsu, don laka ta riƙa zubewa. Kamfanin Inov-8, wanda aka kafa a arewacin Ingila a 2003, ya fito da irin su X-Talon da Mudclaw masu haƙora har milimita 8, kuma duk wanda ya san damshin tuddan can zai gane dalili. Amma ka hau fako ko kwalta da irin wannan takalmi, za ka ji haƙoran suna tokarin tafin ƙafarka, ga shi nan da nan suke cinyewa.

Mutane da yawa kan tsaya a tsawon haƙora su manta da irin robar. A kan jiƙaƙƙen dutse mai sulɓi haƙora ba su da abin da za su cusa, robar ce kaɗai ke riƙe ka. Mai taushi ta fi kamu, mai tauri ta fi ƙarko, kuma da wuya ka samu duka biyun cif. Shi ya sa ake yawan neman tambarin Megagrip, haɗin robar kamfanin Vibram. Shi kansa kamfanin daga wani haɗari ya samo asali: Vitale Bramani, ɗan Italiya mai hawan tsauni, ya rasa abokai shida a tsaunukan Alps a 1935, aka ɗora laifin a kan takalman da suka sa, shi ne ya duƙufa har ya fito da tafin roba mai haƙora a 1937. Salomon da La Sportiva suna da nasu haɗin robar, Contagrip da FriXion.

Inda aka fi jayayya shi ne kaurin soson da ke tsakanin ƙafa da ƙasa. Kamfanin Hoka, wanda wasu tsofaffin ma'aikatan Salomon biyu suka kafa a Faransa a 2009, ya shigo da takalma masu kaurin da a farko aka riƙa yi wa dariya. Yau samfurinsu na Speedgoat yana cikin waɗanda aka fi gani a tseren dogon zango. Ka ɗauki gasar UTMB da ke zagaye tsaunin Mont Blanc ta Faransa, Italiya da Suwizalan: sama da kilomita 170, hawa kusan mita 10,000, da yawa daga cikin masu gudu sai sun yi dare biyu a hanya. A irin wannan tafiya soso mai kauri yana sassauta wa tafin ƙafa. Illarsa ita ce ya ɗaga ka sama da ƙasa, ba ka jin abin da ka taka sosai, kuma idan dutse ya goce targaɗe ya fi kusa. Siririn takalmi irin Bushido ya fi natsuwa a wuri mai sarƙaƙiya, amma bayan awa goma kowace tsakuwa sai ta gaishe ka. Wasu takalman an saka musu wani faranti siriri mai tauri a ciki don ya tare tsinin dutse, kuma Brooks Cascadia ya daɗe a wannan layi. A ganina, wanda zai wuce kilomita 60 a hanya mai gauraye gara ya karkata wajen kauri. Wanda yawancin tafiyarsa tsallen duwatsu ce kuwa ya nemi wanda ya fi kusa da ƙasa.

Akwai kuma bambancin tudu tsakanin dunduniya da yatsu. A Lone Peak babu shi sam, a Speedgoat milimita 4 zuwa 5 ne gwargwadon fitowa, a Cascadia na 'yan shekarun nan 6 zuwa 8, a Speedcross 10. Babu wanda ya fi wani a wajen kowa. Abin kiyayewa shi ne sauyin gaggawa: wanda ya saba da 10 ya faɗa sifili dare ɗaya, agara da sha-raɓa ne za su biya bashin. In za ka sauya, bi sannu cikin makonni.

Batun takalmi mai hana ruwa shiga, irin mai shimfiɗar Gore-Tex, gajere ne. Yana da rana a ƙanƙara da sanyi. Amma da zarar ka tsallaka rafi ruwa ya shiga ta sama, ba ya fita, kuma a zafi gumi ma ya isa ya jiƙa ka. A dogon zango, takalmi mai raga-raga da ke tsanewa da wuri ya fi. Rairayi kuma matsala ce ta daban. Masu gasar Marathon des Sables a hamadar Moroko, mai kimanin kilomita 250, sukan sa a ɗinka wa takalmansu maɗauri don su lulluɓe su da wani ƙyalle har idon sawu, domin yashi kaɗan a cikin safa ya isa ya sale fata.

Yawancin takalman nan sukan yi kilomita 500 zuwa 800 kafin soson ya mutu ko haƙora su cinye, duwatsu masu kaifi kuma suna rage wannan lissafi. Idan kana shirin gasa, ƙirga nisan atisayenka ka sayi takalmin da wuri, yadda zai yi doguwar fita biyu ko uku, da gangara a ciki, kafin ranar tseren.