ShellCheck a hannun mai duba gyaran gwaje-gwaje

ShellCheck manhaja ce ta kyauta da Vidar Holen ya rubuta da yaren shirya manhaja na Haskell. Karanta rubutun shell (jerin umarnin da manhajar shell ke aiwatarwa a tsarin Unix) take yi don gano kurakurai, ba ta gudanar da shi. Mai duba gyaran da aka turo wa tarin gwaje-gwaje zai ci moriyarta, in dai ya kira ta da `shellcheck -s sh`, don ta auna rubutun da ƙa'idar POSIX, wato ƙa'idar bai ɗaya ta tsarin Unix, ba da ta bash ba, shell ɗin da ke da ƙarin abubuwa nasa.

Tun 2006 Ubuntu ta mai da dash, wani ƙaramin shell, ya zama `/bin/sh`, Debian ta bi sahu, Alpine kuwa wani shell, ash na BusyBox, take amfani da shi. Wanda ya saba da bash sai ya rubuta `[[ ]]` ko `==` ko `source` bai ankara ba. Duk waɗannan ba sa cikin POSIX, ShellCheck kuma tana kama su, kowanne da lambarsa: SC3010, SC3014, SC3046.

Inda ta fi amfani shi ne `&>`, wato SC3020. Dash ba ya ƙin `umarni &>fayil`, sai dai ya karanta shi gida biyu: ya tura umarnin ya yi aiki a bayan fage, sannan ya buɗe fayil babu komai ciki, ya dawo da 0, wato alamar nasara. Gwajin zai wuce ko da abin da ake gwadawa ya lalace. Gara gwajin da ya faɗi da wannan, don wanda ya faɗi za a bincika. Maganinsa `>fayil 2>&1`.

Rauninta shi ne umarnin waje, wato manhajojin da rubutun ke kira. Ba ta cewa uffan kan `sed -i`, alhali na macOS da FreeBSD sai an ba shi `-i ''`. Haka `grep -P`, da `date -d` irin na GNU. `wc -l` na BSD yana sa fili kafin adadin, saboda haka `test "$(wc -l <fayil)" = 3` zai wuce a Linux ya faɗi a Mac. A sa `-eq` a madadin `=`. Waɗannan sai idon mai dubawa.

Tana da yawan ƙorafi kuma. `local` ba ya cikin POSIX, amma dash da ash duk sun san shi. Idan masu aikin sun amince da shi, a sa `disable=SC3043` cikin `.shellcheckrc`, fayil ɗin saitinta, kada hayaniyar ta rufe gargaɗin gaske.

Ta cancanci a girka, amma kada shirunta ya sa a karɓi gyara. A fara gudanar da gwajin da `dash` da `busybox sh`, sannan a kan injin macOS ko FreeBSD guda.