Ina Marubuci Zai Kai Maƙalarsa? Kwatancin Rumbunan Maƙalu da Sauran Hanyoyin Yaɗa Rubutu a Intanet

Marubucin da ya kammala maƙala yana neman abu biyu waɗanda ba kullum suke tafiya tare ba, wato rubutun ya kai ga jama'a masu yawa, kuma sunansa ya bi rubutun duk inda aka kai shi. A kan alƙawarin haɗa waɗannan biyu aka kafa shafukan da ake kira rumbunan maƙalu. Tsarinsu mai sauƙi ne: marubuci ya miƙa maƙalarsa kyauta, rumbun ya ajiye ta a ƙarƙashin fannin da ta dace da shi, sannan duk mai shafin da yake bukatar rubutu ya ɗauka ya sake bugawa, bisa sharaɗin kada ya sauya komai, kuma kada ya cire ɗan akwatin da ke ƙasan maƙalar, wanda yake ɗauke da sunan marubuci da taƙaitaccen bayaninsa da mahaɗin da ke kai mai karatu zuwa shafinsa. Ladan marubuci ke nan, suna da mahaɗi. Kuɗi ba ya cikin cinikin.

Shekaru da dama wannan ciniki ya yi riba, kuma EzineArticles, wanda Christopher Knight ya kafa a Amurka a 1999, shi ne ya fi shahara a cikinsu. Dalilin ribar kuwa ba yawan masu karatu ba ne kamar yadda ake zato. Google yana lissafa mahaɗan da ke nuna wani shafi a matsayin shaidar darajarsa, saboda haka maƙala guda da aka sake bugawa a wurare hamsin tana iya ɗaga shafin marubucinta a sakamakon bincike. Da 'yan kasuwa suka gane haka, sai suka cika rumbunan da rubuce-rubuce marasa gishiri, wasu ma manhaja ce take jujjuya kalmomin maƙala ɗaya ta fitar da kwafi ɗaruruwa. A watan Fabrairun 2011 Google ya fito da gyaran injin bincikensa da aka sani da Panda, wanda ya rage darajar shafuka masu rubutu maras zurfi ko maimaitacce, kuma kamfanin da kansa ya ce gyaran ya shafi kusan kashi 12 cikin ɗari na binciken da ake yi a Amurka. EzineArticles da HubPages da Suite101 suna cikin waɗanda abin ya fi yi wa illa. A watan Afrilun 2012 gyaran Penguin ya biyo baya, ya nufi mahaɗan da aka ƙirƙira don yaudara, sannan a 2013 Google ya rubuta ƙarara a cikin ƙa'idojinsa cewa baza maƙalu da yawa domin tara mahaɗai laifi ne a wurinsa. Tun daga nan manyan shafuka da dama suke liƙa wa mahaɗan marubuta alamar nofollow, wadda take shaida wa injin bincike cewa shafin bai tsaya wa wannan mahaɗi ba.

Wannan tarihi shi ne abu na farko da mai zaɓe ya kamata ya sani, domin har yanzu ana tallar hidimar nan a kasuwannin aikin intanet, inda wani zai ce a ba shi 'yan daloli ya aika maƙala zuwa rumbuna ɗari biyar. Wannan cinikin biri a sama ne. Mai biyan kuɗi ba ya ganin rumbunan kafin ya biya, galibinsu babu mai karanta su, kuma abin da zai samu a ƙarshe shi ne jerin adireshi da kwafin rubutunsa a warwatse a shafukan da ba zai so a ga sunansa a kansu ba. A ganina wannan zaɓi ne kaɗai a cikin duk waɗanda za a ambata wanda ba shi da wani ɓangare mai kyau da za a auna. Rumbun gargajiya guda ɗaya mai editoci, wanda ake miƙa masa maƙala da hannu, ba ya cutarwa sosai, amma amfaninsa ya ragu ƙwarai, kuma kafin a ba shi rubutu ya dace a duba ranar maƙala ta ƙarshe da ya buga da irin tallace-tallacen da ya kewaye ta da su.

Manyan dandamalin wallafa su ne suka gaji rumbunan, kuma a nan ne kwatanci yake da ma'ana. Medium, wanda Evan Williams ya buɗe a 2012, yana ba marubuci shafi mai sunansa, yana bar masa mallakar rubutunsa, kuma yana da wata fa'ida da mutane da yawa ba sa lura da ita. Idan mutum ya riga ya buga maƙala a shafinsa, zai iya shigo da ita Medium ta hanyar da dandalin ya tanada, sai a sanya mata alamar asali, wato ɗan layin da ke ɓoye a cikin shafi wanda yake nuna wa injin bincike adireshin da rubutun ya fara fitowa. Google da Yahoo da Microsoft suka amince da wannan alama a 2009, kuma ita ce ta fi kusa da warware matsalar da ta kashe rumbunan, tunda tana ba da damar kwafi ya yaɗu ba tare da ya ƙwace matsayin asali ba. Raunin Medium ga mai rubutu da Hausa shi ne galibin masu karatunsa Turanci suke nema, don haka maƙalar Hausa za ta samu wurin zama mai tsabta amma ba za ta samu wanda zai tallata ta ba. Shirinsa na biyan marubuta, wanda ya fara a 2017, yana bi ta Stripe ne, kamfanin tura kuɗi ta intanet, kuma ba kowace ƙasa ce take cikin jerin ba, saboda haka wanda kuɗi ne burinsa ya fara duba sunan ƙasarsa kafin ya ɓata lokaci.

LinkedIn ya fara buɗe wa dukan mambobinsa damar wallafa maƙala a 2014. Ƙarfinsa yana wajen suna, domin rubutun yana manne da tarihin aikin mutum, kuma masu karanta shi abokan sana'a ne da masu ɗaukar ma'aikata. Ga injiniya ko akanta ko ma'aikacin lafiya wannan ya fi dubban baƙin da ba su san shi ba. Sai dai ba ya ba marubuci damar sanya alamar asali, shi ya sa masu lura sukan buga taƙaitawa a can su ajiye cikakken rubutun a gida.

Substack, wanda aka kafa a 2017, hanyarsa dabam ce, domin kowace maƙala tana zuwa akwatin imel na wanda ya yi rajista. Wallafa kyauta ce, kuma idan marubuci ya sanya kuɗin rajista kamfanin yana ɗaukar kashi 10 cikin ɗari, ban da abin da Stripe yake cira. Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne marubuci zai iya sauke jerin adireshin masu karatunsa ya tafi da shi wani wuri idan ya ga dama. Ba a san darajar wannan ba sai ranar da dandali ya rufe, kuma rufewar ba baƙon abu ba ce. Google ya rufe dandalinsa na wallafa maƙalu, Knol, a 2012. Yahoo ya sayi Associated Content a 2010 ya rufe shi a 2014, shekarar da HubPages ya haɗiye Squidoo. DMOZ, babban kundin adireshin shafuka, ya tsaya a watan Maris na 2017. A gida Najeriya ma OkadaBooks, inda marubutan littattafan Hausa da dama suke sayar da ayyukansu, ya rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Duk wanda kwafinsa ɗaya tilo yake a irin waɗannan wurare, ko kuma ya dogara da adireshinsu a matsayin shaidar aikinsa, ya san abin da ya rasa. Raunin Substack kuwa shi ne mai karatu a arewacin Najeriya da Nijar ya fi buɗe WhatsApp da Facebook a kan imel, saboda haka tara masu rajista yana ɗaukar lokaci.

Akwai hanya ta uku wadda ta fi kowacce kama da abin da rumbunan suka yi alƙawari tun farko, wato wallafa a ƙarƙashin lasisin Creative Commons. Lasisin yana faɗa wa duniya a fili abin da aka halatta. Mai alamar BY ya yarda a kwafa, a fassara, a gyara, har a yi kasuwanci da rubutun, muddin an ambaci marubuci. Idan aka ƙara ND an hana sauyawa, wanda ya haɗa da fassara, idan aka ƙara NC an hana kasuwanci, SA kuma yana tilasta wa wanda ya sarrafa rubutun ya saki nasa a kan irin wannan lasisi. The Conversation, wadda ta fara a Ostareliya a 2011 ta buɗe reshen Afirka a Johannesburg a 2015, tana aiki da BY-ND, kuma jaridu suna ɗaukar maƙalunta kyauta da sunan marubuci da na jami'arsa. Wannan shi ne yaɗuwa mai mutunci, domin edita ya tace rubutun kafin ya fita, amma ƙofar a buɗe take ga malaman jami'a da masu bincike kawai. Abin da ya kamata a yi wa dogon tunani shi ne lasisin Creative Commons ba ya janyuwa. Wanda ya riga ya ɗauki rubutun a kan lasisin yana da ikon ci gaba da amfani da shi ko da marubuci ya sake shawara, don haka maƙalar da ake shirin tarawa cikin littafin sayarwa ba ta dace da BY kaɗai ba. Wikipedia ta Hausa ma a kan BY-SA take, sai dai ba wurin neman suna ba ce, tunda ba a rubuta sunan marubuci a saman maƙala, kuma ba a karɓar ra'ayin kai ko sabon bincike.

Malaman jami'a da ɗaliban digiri na biyu da na uku suna da rumbunansu, kuma a nan kalmar rumbu tana nan da ranta. Zenodo, wanda cibiyar binciken kimiyya ta Turai, CERN, take gudanarwa tun 2013, yana ba kowane aiki lambar DOI kyauta, lamba ce da ba ta sauyawa ko da adireshin shafi ya sauya. ORCID, wanda ya fara aiki a 2012, yana ba mai bincike lamba tasa ta kansa, abin da yake da amfani ƙwarai a inda mutum ɗari suke amsa suna ɗaya da sunan uba ɗaya. ResearchGate da Academia.edu, waɗanda aka kafa duka a 2008, sun fi jawo ido, amma kamfanonin kasuwanci ne, kuma ɗora maƙalar da aka riga aka miƙa haƙƙinta ga wata mujalla yana iya saɓa yarjejeniya. Kamfanin wallafa mujallu na Elsevier da ƙungiyar masana kimiyyar sinadarai ta Amurka sun kai ResearchGate kotu a Jamus a 2017 a kan wannan batu. DOAJ da African Journals Online kuwa, shafukan da ke tara mujallun bincike, mujallu suke karɓa, ba maƙalar mutum ɗaya ba, saboda haka amfaninsu ga marubuci shi ne tantance mujallar da zai aika wa.

Jaridun Hausa irin su Aminiya da Leadership Hausa da Premium Times Hausa ba rumbuna ba ne, amma ga mai rubutu da Hausa su ne suke da masu karatun da yake nema, kuma sunan da ya fito a shafin ra'ayi bayan edita ya duba yana da nauyin da babu dandalin buga-da-kanka da zai bayar. Abin da ake biya a nan shi ne jira, da yiwuwar a datse rubutun ko a sauya masa kai.

Kowane aka zaɓa, sashen sharuɗɗan da ya shafi mallaka shi ne wanda ba a tsallakewa. Akwai bambanci babba tsakanin ba da izinin bugawa wanda bai hana marubuci kai rubutunsa wani wuri ba, da izini na keɓe, da kuma miƙa haƙƙin mallaka gaba ɗaya. Najeriya da Nijar duka suna cikin yarjejeniyar Berne, wadda take ba marubuci haƙƙi tun daga lokacin da ya rubuta ba tare da rajista ba, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta tabbatar da haƙƙin a ambaci marubuci, ta kuma ce miƙa mallaka ko izini na keɓe sai a rubuce. Amma doka ba ta bin shafuka tana duba wanda ya cire suna. Marubuci ne zai kawo shaidar cewa shi ya fara bugawa, kuma hanya mafi sauƙi ita ce ya ajiye kwafin shafinsa a Wayback Machine na Internet Archive, wanda yake adana kwafin shafukan intanet, a ranar da ya wallafa, domin ya samu kwanan wata daga wanda ba shi da hannu a rigimar. Da wannan shaida zai iya aika ƙorafi ga Google ko ga kamfanin da ke riƙe da shafin ɓarawon, a ƙarƙashin dokar Amurka ta 1998 da aka sani da DMCA, idan kamfanin yana ƙarƙashinta.

Idan aka tambaye ni, tsarin da ya fi aminci shi ne mutum ya fara bugawa a shafin da yake da iko a kansa, ko da na kyauta ne a WordPress ko Blogger, ya jira 'yan kwanaki injin bincike ya gan shi, sannan ya kai kwafi wuri ɗaya ko biyu da ya dace da masu karatunsa, da alamar asali inda aka yarda da ita, ko da layin da ke cewa an fara buga wannan a wuri kaza inda ba a yarda ba. Idan jarida ake nufi, tsarin yana juyawa, domin editoci sun fi son abin da bai fito ko'ina ba, sai a ba su farko a nemi izinin ajiye kwafi daga baya. Mai rubutu da Hausa yana da ƙarin gwaji biyu kafin ya zauna a dandali. Na farko ya buga sakin layi mai ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ ya duba shi a waya, domin wasu shafuka suna mayar da waɗannan haruffa akwatuna ko su sauya musu siffa a tsakiyar kalma. Na biyu ya tsayar da rubutun sunansa guda ɗaya, domin wanda yake Muhammad a Medium, Mohammed a LinkedIn, Muhammadu a jarida, injin bincike zai iya ɗaukarsa mutum uku, kuma maƙalunsa ba za su taru a ƙarƙashin suna ɗaya ba.