Gilashin maƙala wa kyamarar waya: ya isa kallon gwano, bai isa kallon kiyashi ba

Duk mai shiga kasuwar waya ya taɓa ganin wannan kayan a rataye kusa da caja da rigunan waya: ɗan kilif na roba, gilasai uku masu zare, da 'yar jaka baƙa. Babu sunan kamfani a jiki, sai hoton ɗigon raɓa a kan ganye a bayan kwali. Ɗaya yana lanƙwasa hoto, ɗaya yana faɗaɗa shi, na ukun kuma shi ne na ɗaukar ƙananan abubuwa daga kusa. Saboda na ukun na saya, kuma a kansa zan yi magana. Sauran biyun wasan yara ne.

Ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare a wajen Zariya. Idan muka zo darasin rarrabe halittu, yara sukan haddace matakan tun daga masarauta har zuwa nau'i, su rera min su tsaf, amma ka ce su nuna maka bambancin ƙwari biyu da ke yawo a bakin ajinsu sai ido ya raina fata. Na'urar hangen ƙananan halittu guda ɗaya gare mu, ita ma tana kulle a kabad. Shi ya sa na nemi abin da zan sa a aljihu.

Abin da ya kamata mai saye ya fara sani: gilashin kusa yana zuwa ne a ɗaure da na faɗaɗawa, sai an warware su. Kwalin bai faɗi haka ba. Mai shagon ne ya karɓi wayata, ya murɗe na saman, ya ce, "Malam, kawo hannunka." Ya ɗora a kan babban yatsana, sai ga zanen fata ɓaro-ɓaro. "Amma fa sai ka matsa sosai, ranka ya daɗe. In ka yi nisa ba ka ganin komai." Gaskiya ya faɗa, kuma a nan duk alherin kayan da matsalarsa suke. Tazarar da hoto ke fita a cikinta ba ta wuce santimita 1 zuwa 2 ba.

Da gwano na fara, don yana da girma, ya kusa santimita 2, kuma ba sai an sha wahalar nemansa ba da damina. Na sa ɗaya a kwalba, na ɗora kwalbar a kan ƙanƙara har ya lafa, sannan na juye shi a kan farar takarda a bakin taga. Abin da na gani a fuskar waya ya biya ni kuɗina. Muƙamuƙansa dogaye masu jerin haƙora. A gadon bayansa akwai siraran layuka a jere waɗanda ido ba ya kamawa. Tsakanin ƙirji da ciki ƙulli ɗaya ne tak, mai kauri, a tsaye. Bayan ƙullin, tsakanin gaɓar ciki ta farko da ta biyu, akwai ɗan matsewa. Da ɗumi ya fara dawo masa ya lanƙwasa ciki, sai ga ƙarin da yake harbi da shi ya leƙo daga ƙarshe.

Waɗannan ukun, ƙulli ɗaya, matsewar ciki da ƙari mai aiki, su ne alamomin da ake fara dubawa idan ana zaton ƙwaro ɗan ƙaramin dangin Ponerinae ne. Wani Bafaranshe, Lepeletier, ya raɗa wa rukunin suna a 1835, kuma yau an san nau'o'i sama da 1,000 a cikinsa, yawancinsu a ƙasashe masu zafi. Mafarauta ne: gara, tsutsa, ƙadandoniya, duk abin da suka fi ƙarfi sai su harbe shi su ja zuwa rami. Da na ajiye hoton gwano kusa da na tururuwar da ke jidar hatsi, wadda ƙullinta biyu ne, wata ɗaliba da ba ta cika magana ba ta ce, "Malam, ashe ba gidansu ɗaya ba." Na yi shekaru ina neman wannan jimlar daga bakin yara da alli da allo ban samu ba.

Warin gwano kuwa gilashi ba ya ɗaukarsa, amma tunda sai ka kai hancinka kusa, za ka sha shi. Daga wasu ƙullutai da ke gindin muƙamuƙinsa yake fitowa, sinadarai ne masu farar wuta a ciki, yana sakin su idan an tsokane shi.

Matsalar kusanci ta fi fitowa a kan cinnaka. Waɗanda ke tsakar gidanmu ba su wuce rabin santimita ba, kuma ba sa tsayawa. Kana durƙushe kana neman hoton ɗaya, 'yan uwansa sun hau ƙafarka. Cinnaka dai bai san na gida ba. Hoton da na samu ya nuna ƙulli ɗaya, amma gashi da haƙora duk sun dushe. Na ɗora shi a iNaturalist, shafin intanet da ake ɗora hoton halittu don a gano sunansu, masu ilimin abin suka ce ya yi kama da Brachyponera sennaarensis, wanda sunansa ya fito daga Sennar ta ƙasar Sudan. Shi ma ɗan Ponerinae ne, sai dai ya saɓa wa danginsa da cin 'ya'yan ciyawa ban da nama. A Saudiyya da maƙwabtanta likitoci sun rubuta rahotannin mutanen da harbinsa ya jawo musu kumburi da sarƙewar numfashi. Don haka wanda ya san jikinsa ba ya jure harbin ƙwari, kada ya yi wannan wasan da mai rai.

A kan kiyashi kuwa kayan ya gaza gaba ɗaya. Ɗigo ja kawai za ka gani mai ƙafafu.

Sauran aibobin na ƙira ne. Waya da kanta tana yi wa ƙwaron inuwa, fitilarta kuma kilif ɗin ya rufe ta, don haka sai da hasken taga ko wani ya riƙe maka tocila daga gefe. Tsakiyar hoto ce kawai take fita, gefuna sun yi hazo. Zurfin abin da ke fita sarai siriri ne ƙwarai: in ido ya fito, ƙugu ya ɓace. Dole a cire rigar waya kafin a maƙala, in ba haka ba baƙin zobe zai kewaye hoton. Wayoyi masu ido uku kuma sukan sauya ido da kansu idan an matso da abu, sai ka ga duhu. Ƙarfen da ke matse kilif ɗin ya fara saki tun damina ba ta fita ba, yanzu da yatsa nake tallafa masa.

Inda na fi jin takaici shi ne a gonar surukina a wajen Kachiya, ranar da muka ci karo da ayarin Megaponera analis, wasu 'yan dangin Ponerinae, suna dawowa daga yaƙin gara. Baƙaƙe ne, manya da ƙanana a layi ɗaya, kowanne da gara cike da baki, kuma in ka taka ƙasa kusa da su za ka ji suna wani ƙaramin kuka. An yi nazarin wannan farautar tasu a Mokwa tun shekarun 1970. Daga baya Erik Frank da abokan aikinsa na Jami'ar Würzburg, suna aiki a gandun dajin Comoé na Kwaddebuwa, suka nuna a 2017 cewa waɗannan ƙwari suna ɗauko 'yan uwansu da suka ji rauni su kai gida. A 2018 suka ƙara nuna cewa a cikin rami ana lasar raunin, kuma waɗanda aka yi wa hakan kashi 10 cikin ɗari ne ke mutuwa, waɗanda ba a yi wa ba kashi 80. Na ga wani yana ɗauke da ɗan uwansa a baki, da idona. Gilashin bai tsinana komai ba, don babu mai kai hannu santimita 2 daga ayari irin wannan yana tafe. Kyamarar waya tsurarta ta fi amfani a wurin. Haka zancen yake ga Odontomachus, wani ɗan dangin nasu mai buɗe muƙamuƙi har su miƙe sambal: an auna na wani nau'insa na nahiyar Amurka a 2006 yana rufewa da gudun da ya kai mita 64 a daƙiƙa. Sai dai ka ɗauke shi kafin ko bayan.

Gargaɗi ga malamai 'yan uwana game da sunaye. Tsofaffin takardu suna kiran gwano Pachycondyla tarsata, mayaƙin gara kuma Pachycondyla analis. A 2003 masanin tururuwa Barry Bolton ya raba tsohon Ponerinae gida shida, sannan a 2014 Schmidt da Shattuck suka sake tsara abin da ya rage zuwa jinsi 47, suka farfasa Pachycondyla wanda ya zama wurin jibge duk abin da aka rasa inda za a kai shi. Gwano ya koma Paltothyreus tarsatus. Irin alamomin da suke rarrabewa da su, kamar yawan ƙayoyin da ke ƙwaurin ƙafar baya ko ɗan rami a gindin muƙamuƙi, a kan gwano ne kawai na iya hango wani abu daga ciki. Abin da nake yi shi ne in buɗe shafin AntWeb, inda ake ɗora hoton kowane nau'i ta fuska, ta gefe da ta sama, in gwada da nawa.

Malamin makaranta, ɗalibin aikin gona, ko yaro mai son tone-tone, ya saya. Kuɗinsa bai kai na datan wata guda ba. Ɗalibin jami'a mai rubuta kundi a kan ƙwari ya tara kuɗinsa ya nemi na'ura ta gaske. In za ka saya, ka gwada a wayarka a cikin shago, ka duba zaren ko yana shiga daidai, ka kuma zaɓi wanda idonsa gilashi ne, don akwai na roba a kwali iri ɗaya, kuma shi gefen riga ma yana karce shi.