Gidan kallon ƙwallon bayan layinmu da allonsa na alli

Idan maganar jin daɗin zama ake yi, gidan kallon nan ba zai ci maki ba. Bencinansa katako ne zalla, kafin a tafi hutun rabin lokaci bayanka ya fara ƙorafi, iskar hunturu kuma tana shigowa ta tsagar langa-langa kamar ita ma ta biya kuɗin ƙofa. Janaretan ya tsufa. Idan aka ɗauke wuta, sai an ja igiyarsa sau uku ko huɗu, dikoda kuma ta ɗauki nata lokacin kafin hoto ya dawo. Haka ƙwallon da ɗan wasanmu na Najeriya Lookman ya ci Angola ta wuce ni, ihun maƙwabta ne ya ba ni labari.

Duk da haka a nan na kalli kusan dukkan gasar cin kofin Afirka da aka yi a Kwaddebuwa farkon 2024, naira 200 duk shiga, kuma ban yi da-na-sani ba. Dalilin shi ne allo.

Mai gidan tsohon malamin firamare ne, kuma halin bai bar shi ba. Ya kafa baƙin allo a gefen talabijin, ya ja layi ya raba ƙasashe 24 zuwa rukuni shida, hurhuɗu. Da an tashi wasa zai ɗauki alli: nasara maki uku, canjaras ɗaya, wanda aka doke ya tashi a tutar babu. Na ɗaya da na biyu a kowane rukuni sun wuce, shi ne 12. To ina za a samo cikon 16? A nan ake kai ruwa rana. Can ƙasan allon ya ware wani ɗan gida da muke kira ɗakin jira, inda yake jera ƙasashe shida da suka zo na uku, a ɗauki huɗun da suka fi maki, in an yi kunnen doki a duba rarar ƙwallo.

Ranar da Ikwatoriyal Gini ta lallasa masu masaukin baƙi 4-0, mu duk mun yi musu jana'iza. Wani ɗan acaɓa har cewa ya yi a goge sunansu kada a ɓata alli. Malam ya ƙi. Ya rubuta maki uku, bashin ƙwallo uku, ya ce, "Ku dai bari sai Laraba, yarana." Gana ta tsaya a maki biyu, saura Zambiya, wadda canjaras kaɗai da Maroko zai ishe ta ta sha gaban Kwaddebuwa. Daren Larabar talabijin biyu ya kunna, tunda wasannin ƙarshe na rukuni lokaci ɗaya ake buga su don kada wasu su haɗa baki. Ziyech ya ci wa Maroko ɗaya tilo, Kwaddebuwa ta kutsa a matsayin ta ƙarshe cikin 16, ga shi a ranar aka sallami kocinta.

Daga nan sai sili-ɗaya-ƙwale: babu maki, babu lissafi, in minti 90 bai raba gardama ba a ƙara 30, in ya ƙi a je fenariti. Malam ya share rukunan ya zana reshe-reshe, kowa na ganin wanda zai haɗu da wa. Muna kallo Kwaddebuwa ta fitar da Sanagal da Mali da Kwango, ta zo ta same mu a wasan ƙarshe ranar 11 ga Fabrairu, mu da muka doke ta 1-0 a rukuni. Ekong ya fara ci, Kessié ya farke, Haller ya ƙarasa mu.

Mai son zuwa ya taho da rigar sanyi da abin shimfiɗawa a benci, ya kuma zo da wuri, don daga layi na biyar zuwa baya rubutun allon ba ya karantuwa. Na roƙi Malam ya sayi farin alli mai kauri, ya ce sai an canza janareta tukuna.